Tsuntsaye masu haƙora a bangon ajinmu: kundin aikin allunan jibis

Jidda, Juma'a 5 ga Satumba, 2025

Yau na kafa aikin da na daɗe ina ɗagawa. Allunan jibis, wato POP na silin, zan zuba, huɗu ko biyar, kowanne da kwaikwayon burbushin wani tsuntsu na zamanin dainoso, a rataye su a ɗakin da muke tara yaran unguwa ranar Asabar don karatun Hausa. Yaran nan duk haihuwar Jidda ne, Larabci ya fi zama a bakinsu, kuma na lura Hausar ba ta fitowa sai an ajiye musu abin da za su yi gardama a kai. Ni kuwa jibis ne abincina, silin da kwalliyar kusurwa nake zubawa a warsha, wato shagon aikinmu, don haka kayan aiki ba za su gagara ba. Mu'allim, maigidana a warsha, ya ce in kwashi ragowar buhuna da guntayen katako, muddin ba a lokacin shugul zan yi ba.

Allon farko na Archaeopteryx ne, wanda yara suka riga suka raɗa wa suna Bajamushe. Ya rayu kimanin shekara miliyan 150 da suka wuce, girmansa bai wuce na hankakin da suka addabe mu a bakin juji ba, kuma duk samfuransa, wajen 14, daga yanki ɗaya aka haƙo su: ramukan fasa dutse na Solnhofen da Eichstätt a kudancin Jamus. Biyu ne suka fi suna. Na Landan ya fito a 1861, ya faɗa hannun wani likita, Karl Häberlein, wanda masu fasa dutse kan biya kuɗin magani da burbushin da suka tsinta. Shi kuma ya sayar wa gidan tarihin Birtaniya a 1862, haɗe da sauran tarinsa, a kan fam 700. Na Berlin ya fito wajen 1875, ɗan likitan ne ya yi cinikinsa, kuma sai da attajiri Werner von Siemens ya zuba mak 20,000 na kuɗin Jamus a 1880 kafin ya tsaya a Jamus. Uba ya ci, ɗa ya ci. Na Berlin zan yi, don shi ne mai cikakken kai, fikafikai a buɗe, jela a shimfiɗe.

Na kai hotonsa shagon buga takardu aka fitar min da shi daidai girmansa na ainihi. Ƙa'ida ɗaya na sa wa aikin: abin da ke jikin dutsen kaɗai zai hau allo. Inda ƙashi ya karye, a karye za a bar shi.

Asabar 13 ga Satumba

Shawarar uwargida ce in yi amfani da ƙashin kaza, tun da ba ma rasa farruj a gida, in huta da sassaƙa. Na tara na kwana biyu, na dafa su sai da nama ya saki, na jiƙa a ruwan oksijin na kemis suka yi fari tas. Kada kowa ya sa bilic, cinye ƙashin yake yi. Yau na jera su a kan hoton a gaban yara, kuma ban da ƙafafu da suka ɗan yi kusa, babu abin da ya zauna.

Kaza tana da faffaɗan ƙashin ƙirji mai tudu a tsakiya, inda duk farin naman nan yake manne. Bajamushe ba shi da irin wannan tudu. Abin da ke cikinsa siraran ƙasusuwa ne a jere ƙarƙashin fatar ciki, irin na kada. Yatsun fiffiken kaza sun narke sun haɗe wuri ɗaya, nasa uku ne a rarrabe, kowanne da ƙatuwar akaifa mai lanƙwasa. Bayan kaza yana ƙarewa da ɗan dunƙulen ƙashi inda gashin jela ke tsirowa, nasa kuwa wutsiya ce sosai, mai gaɓoɓi sama da 20, gashi na fita dama da hagu har ƙarshe. Ga haƙora ƙanana a muƙamuƙi sama da ƙasa. Ƙashin nan mai reshe biyu na gaban ƙirji, wanda yara ke ja su karya, yana da shi, amma nasa kauri ne da shi, ba ya lanƙwasuwa.

Kafin a ɗora tukunyar rana na karɓi ɗanyar kaza na nuna musu wani abu. In ka ɗaga babbar tsokar ƙirji, akwai wata ƙarama mai laushi a ƙarƙashinta, da farar jijiya a kanta. Jijiyar tana bi ta wani rami a kafaɗa, ta zagayo ta kama ƙashin fiffike ta sama. Na sa filaya na ja ta, sai fiffiken ya ɗaga. Yara suka sa ihu, uwargida ta ce a ba ta kazarta. Wato tsuntsun yau da ƙirji yake sauke fiffike, da ƙirji kuma yake ɗaga shi. Bajamushe ba shi da wannan rami.

Ɗiyata ta tsakiya ta ce, "Abba, to shi da me yake tashi? Ko ado ne kawai?" Na ce mata a 2018 an haska ƙasusuwan fiffikensa da babbar na'ura a Grenoble ta Faransa, aka ga kaurin bangonsu ya fi kusa da na tsuntsayen da ke tashi fir su sauka nan kusa, dangin makwarwa. Tashin tsira daga maƙiyi, ba na ƙetare teku ba.

Ƙashin kaza ya koma kwali don darasi. Na Bajamushe da hannu zan gina su, waya a ciki, ma'ajun mai haɗi biyu na masu gyaran famfo a waje.

Talata 23 ga Satumba

Hutun ranar ƙasa, warsha a rufe, gari duk kore. Na yini a saman bene.

Maƙwabcinmu mai kiwon tattabaru ya tara min gashin da suka zubar, cike da leda. Zaɓe shi ne aikin. Gashin tashi ba daidai yake ba: karan da ke tsakiya ya matsa gefe ɗaya, gefen da ke fuskantar iska siriri, ɗayan faffaɗa. Jimina da ba ta tashi nata kusan daidai yake gefe da gefe. Na Bajamushe mai karkata ne irin na masu tashi, kuma wannan ita ce babbar hujjar masu cewa ya tashi. Don haka sai da na ware na dama daban, na hagu daban. Tattabara tana da manyan gashi 10 a ƙarshen kowane fiffike, shi yana da 11 zuwa 12.

Ga yadda na yi, ga mai son gwadawa. Na shimfiɗa hoton da aka juya a kan gilas, na liƙa gashin ɗaya bayan ɗaya a mazauninsa, kowanne ya ɗan hau na kusa da shi. Na shafe su da ruwan sabulu mai kauri don kada jibis ya riƙe. Na kewaye da katako, na dama jibis da ruwan sanyi, don a zafin Jidda in ka dama da ruwan tanki kafin ka juya ya kama. Zubin farko ruwa-ruwa, da buroshi, ya shiga tsakanin zaren gashi. Na biyu mai kauri, da lif a ciki, wato zaren da ke ƙarfafa jibis. Da ya ɗauki ɗumi ya huce na kife, na zare gashin a hankali. Sawun ya fito, har ƙananan zarurrukan ana iya ƙirgawa.

Ina kallonsa sai dariya ta kama ni, don abin da na yi yau shi ne ainihin laifin da aka taɓa zargin gidan tarihin Landan da ɓoyewa. A 1985 Fred Hoyle, shahararren masanin taurari, da abokansa suka ce samfurin Landan jabu ne: wai ƙaramin dainoso ne aka shafa masa siririn kwaɓi a gefe, aka danna gashin tsuntsu a kai. Masanan gidan suka ba da amsa a 1986, kuma amsar tasu ta shiga kaina fiye da yadda za ta shiga kan mai karatu zalla. Dutsen Solnhofen tsaga shi ake yi gida biyu, burbushin ya fito a fuska biyu. Suka nuna siraran tsaguwa da suka ratsa ta cikin sawun gashin, da zanen baƙin ma'adini mai rassa da ya tsiro a jikin dutsen, duk sun dace a fuskokin nan biyu ɗigo da ɗigo. Ni da nake cin abinci da kwaɓi ina shaida: fuska ɗaya kowane yaron warsha zai yi maka. Fuska biyu da za su rufu a kan juna har tsaguwar da ba ta kai kaurin gashin kai ba ta haɗu, babu mu'allimin da zai iya. Ga shi kuma faci ba ya ɓuya. In ka haska fitila ta gefe, iyakar sabo da tsoho sai ta nuna kanta.

Dalilin da dutsen ya riƙe sawun gashi kuwa, wurin a lokacin tafkunan teku ne marasa zurfi tsakanin tsibirai, ƙasansu gishiri ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Babu tsutsa babu kaguwa da za su taɓa gawa. Laka mai laushi ƙwarai ta rufe ta. Laushin nan ne ma ya sa tun ƙarshen ƙarni na 18 ake fasa dutsen don buga zane a maɗaba'a, masu fasawa suna duba kowane falle da ido, shi ya sa ba su tsallake tsuntsun ba.

Juma'a 3 ga Oktoba

Raɓar Jidda ta hana allon bushewa. Na shigo da shi ɗaki kusa da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ƙasusuwa sun kusa kammala, saura haƙarƙari.

Wuyan ne ya tsayar da yara: me ya sa kan ya lanƙwashe baya har ya kusa taɓa gadon baya? Masana sun kasu. Wasu sun ce magagin mutuwa ne, wasu sun ce wata jijiya ce mai tsawo a bayan wuya take ja bayan nama ya saki a cikin ruwa, har sun gwada da wuyan kaji. Na nemi a ba ni guda in gwada a bokiti. Amsar da na samu daga kicin ba ta rubutuwa.

Asabar 11 ga Oktoba

Baba Alhaji, wanda ɗakin karatun a gidansa yake, ya hawo bene da sandarsa don ya ga abin da za a rataya masa. Ya daɗe yana shafa allon da yatsa.

"Kai yaro, wannan ba gunki za ka kafa min a gida ba ko?"

"Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, ƙashi ne da sawun gashi. Babu fuska babu ido."

Ya ce to, amma tun da yara kan yi la'asar a ɗakin, kada a sa shi a bangon gabas, wato na alƙibla. Na ce an gama. Sai ya koma kan miliyoyin shekarun, ya ce wa ya ƙirga. Na gaya masa iya abin da na fahimta: akwai ma'adinai a tokar aman wuta da ke rikiɗa a hankali bisa ƙa'ida sananniya, ana auna abin da ya rikiɗa a san tsawon lokacin, inda babu toka kuma ana bin jerin dodon koɗin teku da ke cikin falle-fallen dutse. Ya yi shiru, sannan ya karanto ayar Suratul Ankabut da ke cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fara halitta. Ya ce shi bai ce ya yarda da lissafin ba, bai ce ya ƙi ba, Allah ne masani, amma dubawa an umarce mu da ita.

Abin da ya fi jan hankalinsa daban ne. Mahaifinsa da ƙafa ya taso daga Damagaram, ya ratsa Sudan yana noma yana tafiya, ya hau jirgin ruwa a Sawakin. Da na ce masa a zamanin tsuntsun nan babu Bahar Maliya, ƙasar Larabawa a manne take da Afirka, sai wajen shekara miliyan 30 da suka wuce ta fara tsagewa, ya ce, "Ashe da mun zo da wuri da an huta da kuɗin jirgi." Na ƙara masa da cewa tekun da Bajamushe ya mutu a gaɓarsa ta arewa, shi ne ya rufe tsakiyar ƙasar nan ta kudu. Dutsen Tuwaiƙ da ke yamma da Riyad cike yake da murjani da koɗin wancan teku, kuma dutsen da ke riƙe da man fetur na rijiyoyin Ghawar kusan sa'an tsuntsun ne.

Dainoso ma an samu a nan. A farkon 2014 aka sanar da gaɓoɓin wutsiyar wani mai dogon wuya da haƙoran wani maci nama daga yankin Madyana a arewa maso yamma, masu kimanin shekara miliyan 72, aikin haɗin gwiwa da hukumar binciken ƙasa ta Saudiyya da ke nan Jidda. Na ce masa a can gida ma, Gadufawa ta jihar Agadas ta ba duniya Nigersaurus mai haƙora wajen 500. Ya ce ya taɓa ganin manyan ƙasusuwa a gidan tarihin Yamai, ya ɗauka na giwa ne.

Ƙashin tsuntsu kuwa rami ne a ciki, bangonsa siriri. Kogi mai yashi da ke adana cinyar dainoso niƙe shi yake yi. Shi ya sa labarin nan kusan duka daga 'yan wurare masu laka mai laushi yake fitowa.

Juma'a 24 ga Oktoba

Allo na biyu: Confuciusornis, Ɗan Sin a bakin yara. An bayyana shi a 1995 daga lardin Liaoning a arewa maso gabashin Sin, inda manoma ke tono shi daga tsohuwar lakar tafki da tokar aman wuta ta binne, shekara miliyan 125 zuwa 120. Shi ba a ƙirga samfuransa da yatsu, ɗaruruwa ne. Nauyin ƙasa ya matse su sun zama kamar kilishi, don haka ƙasusuwan wannan allo ba sa bukatar tudu sosai, kuma gashin ba sawu ba ne kawai, baƙin shafi ne ya rage a jikin dutse mai toka-toka. Na sa garin gawayi kaɗan a kwaɓin don launin ƙasa, gashin kuma da siririn buroshi.

A nan ne lissafin yara ya fara rikicewa, ni kuma abin da nake jira ke nan. Ɗan Sin ba shi da haƙori ko ɗaya, baki gare shi. Doguwar wutsiyar ƙashi ta tafi, dunƙule ya maye gurbinta. Sai ka ce to an iso tsuntsun yau. Amma dubi hannunsa: yatsu uku a rarrabe, akaifar babban yatsa ma ta fi ta Bajamushe ban tsoro. A wannan yanki kuma, kusan a wannan zamani, ga Jeholornis da aka bayyana a 2002, mai wutsiyar ƙashi da ta fi ta Bajamushe tsawo, da 'ya'yan itace cike da cikinsa.

Wasu samfuran Ɗan Sin suna da dogayen gashi biyu a jela, wasu babu. Mafi yawan masana sun ɗauka masu dogayen su ne maza. Na zaɓi hoton dutsen da ya haɗa iri biyun gefe da gefe. 'Yan matan ajin sun ce ba su yarda ba sai an kawo shaida, don me kullum namiji ne mai ado. Na tura su su kalli zakara.

Asabar 1 ga Nuwamba

Na kai Bajamushe warsha don in shafa masa ruwan shayi da jar ƙasa ya ɗauki launin dutsen. Mu'allim ya zagaya shi ya ce, "Wallahi wannan in ka tsufar da shi ka kai kasuwar gwanjo ta haraji, wani zai saya a matsayin na gaske." Wasa yake yi, amma na ɗauki ƙusa na rubuta a baya, da Larabci da Hausa, cewa kwaikwayo ne na jibis, Jidda, 2025. Kowane allo zai samu wannan.

Dalili, an taɓa yi. A farkon 1999 aka sayar da wani burbushi daga Liaoning a kasuwar duwatsu ta Tucson a Amurka kan dala 80,000. Jikin tsuntsu, wutsiyar dainoso, daidai abin da kowa ke nema. Mujallar National Geographic ta buga shi a Nuwamban shekarar da sunan Archaeoraptor. Ba a rufe wata biyu ba Xu Xing, masani daga Beijin, ya ci karo da ɗaya fuskar dutsen wutsiyar, a manne da jikin wata dabba daban. Hoton na'urar asibiti ya nuna guntaye ne aka jera a kan faranti aka cike tsakaninsu da kwaɓi. Gaban na wani tsuntsu ne maci kifi, Yanornis. Wutsiyar ta Microraptor ce, ƙaramin dainoso wanda daga baya aka gano gashin tashi gare shi a hannu da ƙafa, fikafikai huɗu ke nan. Abin takaicin, kowane rabi shi kaɗai dukiya ne. Mai haɗin ya lalata gaskiya biyu ya yi ƙarya ɗaya, don ya san cikakke ya fi tsada. Kuma dubi abin da ya tona shi: fuska ta biyu. Ita ta wanke na Landan, ita ta kama wannan.

Yara suna so a yi wa allunan fenti mai launi. Na ƙi. Launi yana da hujjarsa, amma ba a ido take ba. A cikin gashin akwai ƙananan ƙwayoyin launi da sai da madubin lantarki ake gani, dogaye na baƙi, masu zagaye na ja-ja. Da su aka gano a 2010 cewa Sinosauropteryx, dainoso mai gashi da aka samu a 1996, wutsiyarsa zobe-zobe ce ja da fari, a 2012 kuma aka ce Microraptor baƙi ne mai sheƙi. Wani gashi guda ɗaya da ake danganta wa Bajamushe, wanda Hermann von Meyer ya bayyana a 1861, mai tsawon kusan santimita 6, shi ma baƙi ya nuna. Amma gashi ɗaya ba riga ba ce. Mun daidaita: kowa ya zana nasa a takarda da launin da ya ga dama, a liƙa a ƙarƙashin allo, da sunan mai zane.

Juma'a 14 ga Nuwamba

Da sassafe na kai yara bakin teku su kalli fararen tsuntsayen nan masu tsinin fiffike da ke faɗawa ruwa su cafko kifi. Na ce su riƙe siffar a ka, su ƙara mata haƙora. Ichthyornis ke nan, allo na uku.

Shi daga Kansas ya fito, tsakiyar Amurka, inda teku ya taɓa raba nahiyar biyu. Benjamin Mudge ya tono shi ya aika wa Othniel Marsh na jami'ar Yale a 1872. Marsh ya ga jikin tsuntsu sosai, da tudun ƙirji da fiffike mai ƙarfi, ya ga kuma muƙamuƙi mai haƙora a gefe, sai ya ba muƙamuƙin suna daban a matsayin na wani ƙadangaren ruwa. Sai a shekara ta gaba, da aka ƙara share dutsen, ya tabbata kan da jikin na dabba ɗaya ne. Gaɓoɓin bayansa kuma masu rami ne gaba da baya irin na kifi. Mun biya kasuwar kifi ta Bangala na karɓi ƙashin bayan kifi wajen masu yanka don yara su gani da ido. A 2018 aka haɗa ƙoƙon kansa daga sababbin samfura: ɗan baki ne a can tsini, sauran duk haƙora.

To ga tsuntsu mai tashi kamar na yau, shekara miliyan 30 da ɗoriya bayan Ɗan Sin, amma da haƙoransa cif. Wato baki marar haƙori ba sau ɗaya ya fito ba; Ɗan Sin ya yi nasa, zuriyarsa ta ƙare, kakannin kaza suka sake yin nasu daban.

Maƙwabcinsa a wannan teku, Hesperornis, ya fi mita ɗaya da rabi, fiffike ya kusa ɓacewa, da ƙafa yake nutso. Bangonmu ba zai ɗauke shi ba. Muƙamuƙin kawai zan yi, don haƙoransa a cikin kwari ɗaya suke jere, ba kowanne da raminsa ba.

Asabar 22 ga Nuwamba

Na yi niyyar jera allunan a layi ɗaya daga dama zuwa hagu, tsoho zuwa sabo. Na fasa. Layi zai koya wa yara cewa wannan ya haifi wancan, alhali ba haka dutse ya nuna ba. Gashi ya riga tashi, ƙashi mai reshe biyu har Tyrannosaurus yana da shi, wutsiya da haƙora da yatsu kowanne da lokacin da ya tafi, a reshe daban-daban. Ga kuma Baminornis da aka bayyana a Fabrairun 2025 daga lardin Fujian na Sin, kusan sa'an Bajamushe, amma masu bincikensa sun ce gajeriyar jela gare shi. Igiya zan sa a bango, mai rassa, kowane allo a ƙarshen reshensa.

Juma'a 5 ga Disamba

Uku sun hau bango, na yamma da na kudu. Muƙamuƙin Hesperornis yana cikin ƙwarya bai bushe ba. Bangon tsohon gini ne, yana marmashewa, sai da na sa dogayen fisha, robar nan da ke riƙe ƙusa a bango, Bajamushe kuma na ƙara masa ƙarfe a ƙasa don da lif da komai ya yi nauyi.

Allo na ƙarshe ne ya raba ajin biyu. Manyan yara suna son ɗaya daga cikin Enantiornithes, dangin da Cyril Walker ya raɗa wa suna a 1981 daga ƙasusuwan Ajantina. Su ne suka fi yawa a bishiyoyin wancan zamani, yawancinsu da haƙora da akaifu, haɗin kafaɗarsu a juye idan aka gwada da na tsuntsun yau. An samu ɗan tsakonsu cikin daskararren ƙaron itace a Myanmar mai shekara miliyan 99, an bayyana shi a 2017, da fatarsa da gashinsa. Har Madagaska sun kai: Falcatakely na 2020, mai dogon baki mai tudu. Ko ɗaya bai tsallake dutsen da ya faɗo daga sararin samaniya a gaɓar Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce ba. Wani bincike na 2018 ya danganta haka da ƙonewar dazuzzuka: na bisa itace suka rasa gida, na ƙasa suka tsira.

Ƙananan kuwa Asteriornis suke so, don sun ji dangin kaza da agwagwa ne. Ɗan ƙoƙon kai ne da aka samu a ramin fasa dutse a Beljiyam, shekara miliyan 66.7, yana ɓoye cikin dunƙulen dutse sai da na'ura ta hango shi a Kambirij, aka bayyana shi a 2020. Ba shi da haƙori. Ni ra'ayina yana wajen manya, don reshen da ya fi kowane yawa bai kamata ya zama babu kowa a kansa ba. Amma igiyar tana bukatar reshe ɗaya da zai kai ga kwalin ƙashin kazarmu, kuma kan Asteriornis ƙarami ne, ragowar kwaɓi ma ta ishe shi.

Baba Alhaji ya yanke: a yi duka biyun, shi zai sayi buhun. Gobe bayan la'asar zan auna sauran bangon kudu, in aika hoton ɗan tsakon a buga. Ƙaron ne ban riga na yanke da me zan yi shi ba. Mu'allim ya ce akwai ragowar rezin mai haske daga wani aikin tebur, zai duba ko bai daskare ba.